Masu aiki da epoksi da gam: ta yaya aka gano abin da ke cin fatarku?

Mai zuba daɓen epoksi, Kaduna:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Shekara biyu ina wannan sana'a ta zuba epoksi, wato ruwan roba da ake kwaɓawa da mahaɗi ya daskare a daɓe, lafiya ƙalau, sai bara bayan hannuna ya kama ƙaiƙayi, yatsu suna tsattsagewa, fatar idona ta kumbura. A kemis aka ce makero ne, na shafa magani har na gaji. Abin da ya ɗaure mini kai, ranar da na yi kwaɓi ba na jin komai, sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan hali ya ba ni haske.

Mai ɗinkin takalma, Kano:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah Ya ba ka lafiya. Jinkirin nan shi ne alamar fata ta daina jituwa da wani sinadarin aiki, ni ma shi ya ruɗe ni. Tambayar farko da likitar fata ta yi mini ita ce: in na bar rumfa yana lafawa? Sai na tuna duk hutun Sallah hannuna warkewa yake yi. Daga nan aka yi mini gwajin faci. Ran Litinin aka manna mini filasta a gadon baya, kowane gurbi da ɗan ɗigon sinadari daban. Aka ce kar ruwa ya taɓa wurin, kar in yi aikin gumi. Bayan awa 48 aka cire, ba wani abin kirki, har na ce a raina asarar kuɗi na yi. Da na koma ran Juma'a, gurbi ɗaya ya yi ja da 'yan ƙuraje: wani sinadari mai fomaldehaid da ke cikin gam ɗin manna fata. Da ban koma ba, da har yau ina zargin fatar da nake yanka.

Mai haɗa haƙoran roba, Zariya:
Ni nawa sanadin akirilik ne, wato robar da muke haɗa haƙoran da ita, kuma sai da aka maimaita gwajin, don karon farko ina shan ƙwayar siteroyid ta rage kumburi ban faɗa ba, ita kuwa danne sakamako take yi. Malam, ka tafi wurin likitan fata da hoton gwangwanayen biyu, da epoksin da mahaɗin da ke busar da shi, kowannensu yana iya zama sanadi. Kuma don girman Allah kar ka shafa ɗanyensa a jiki da sunan gwaji, ƙuna zai yi maka.

Mai zuba daɓen epoksi, Kaduna:
Na gode ƙwarai. To amma Yaya, ina sa safar hannu fa, kuma ban taɓa kai hannu ido ba.

Mai ɗinkin takalma, Kano:
Safar roba siririyar nan ta asibiti ba ta tare epoksi, ratsawa yake yi. Na ido kuwa, tururin kwaɓi da ƙurar gogewa sun isa. Ka faɗa wa likita wannan ma, kuma kar ka shafa komai a bayanka kafin ranar gwajin.