Farautar barewa da baƙin beyar a hanyoyin masu katako

Ga abin da na tsinta a hirar mafarautan British Columbia ta Kanada. Kusan duka bakinsu ya zo ɗaya, wai ka nemi inda aka sare bishiyoyi shekaru kaɗan baya, toho ya fito, nan barewa ke kiwo da asuba da gab da magariba, kuma ba ta nisa da bakin kurmi. Shi beyar a watan Mayu ɗanyar ciyawar gefen hanya yake bi musamman gangaren da ke kallon kudu inda ƙanƙara ta fara narkewa, in ka ga kashinsa ɗanye kore shar to yana kusa.

Shawarar da ta fi burge ni, ka ajiye mota ka taka hanyar da aka daina bi, iska na bugun fuskarka, don hancin beyar ba wasa ba.

Tirelolin katako kuwa ba su iya birki nan take, riƙe rediyon oba-oba don ka ji sanarwar zuwansu, ka ba su hanya. Lasisi dole, ba a harbin uwa mai 'ya'ya, sannan ka duba tozon kafaɗa kar ka harbi girizli, wato babban beyar mai tozo, an hana farautarsa tun 2017.