Wane suna ya dace da wasannin kwamfuta na rukunin sojoji?

Mai fassara:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan sunan Hausa da ya dace da nau'in wasan kwamfutar da Turawa ke kira squad-based tactical shooter. Matasanmu "gem ɗin yaƙi" suke cewa, sai dai wannan suna ya yi faɗi, domin ya haɗa har da wasannin da mutum ɗaya ke ratsa gari yana harbin duk abin da ya gifta. Wanda nake nufi irin America's Army ne, wanda rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta fitar kyauta ranar 4 ga Yuli, 2002, bisa shawarar Kanar Casey Wardynski, domin ta kwaɗaita wa samari aikin soja bayan ta kasa samun adadin kuratan da take buƙata a 1999. Ba a barin ɗan wasa ya shiga fage sai ya kammala horon farko, wanda kuwa ya harbi mai horar da shi a kurkukun soja na Fort Leavenworth zai tsinci kansa a cikin wasan. Ni dai "wasan kwaikwayon yaƙi" ne ya fara zo mini.

Tsohon samanja:
Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka kusanci "wasan kwaikwayo", domin duk Bahaushen da ya ji shi fim zai ɗauka. Matsalar tana wajen squad, wanda a sojin ƙasa na Amurka mutum 9 ne: shugaba ɗaya da ɓangarori biyu masu mutum hurhuɗu. A tsarin Ingila da muka gada, kofur ne ke jan irin wannan taro. Ka ga ke nan "runduna" da "bataliya" sun yi masa girma ƙwarai. "Tawaga" ta manyan baƙi ce, "ayari" na fatake, "gungu" kuwa 'yan jarida sun riga sun bar wa 'yan fashi. Saura "rukuni", kuma bai yi laifi ba.

Tactical kuma dabarar fage ce, wato wa zai tsare da wuta, wa zai kutsa, ta ina za a zagaye masu kwanton ɓauna. A wasan Full Spectrum Warrior na 2004, wanda aka fara ƙerawa domin horar da sojoji, aikin ɗan wasa bayar da umarni ne ga ɓangarorin biyu na rukunin, ba nuna gwanintar saiti ba. Saboda haka duk sunan da aka gina a kan "harbi" ya kauce. A bariki kuwa muna da "rawar daji", wato atisayen da ake fita yi kamar yaƙin gaske.

Mai fassara:
Allah ya ƙara girma, Baba Samanja. Na karɓi "rukuni" da "dabara", don haka nau'in gaba ɗayansa zan riƙa kiransa "wasan dabarun rukunin soja". Amma "rawar daji" ina ganin a keɓe ta ga wanda sojoji ke horo da shi a zahiri, irin Marine Doom da mayaƙan Marine na Amurka suka gyara daga Doom II a 1996, ko Virtual Battlespace da rundunoni da dama ke amfani da shi; waɗannan su ne "rawar dajin kwamfuta". America's Army bai cancanci wannan suna ba, domin har aka rufe shi a Mayun 2022 babban aikinsa talla ne: kowane ɓangare ganin kansa yake sojan Amurka, abokin karawarsa ne kullum maƙiyi. Irinsa "wasan farautar kurata" zan rubuta.

Tsohon samanja:
Biyun farko sun zauna. Na ukun akwai zargi a cikinsa, Malam. A sharhi ya halatta, amma a labarai ka rubuta "wasan neman kurata".