Kwot zai shigo Mastodon 4.5, wai cin amana ne?

Baban Khalifa: Salam jama'a. Wallahi tun jiya raina a ɓace yake, na rasa wanda zan faɗa wa shi ne na ce bari in sauke a nan. Kun ga dai Mastodon, manhajar sada zumuntar nan da muke kai, sigarta ta 4.4 ta fito a watan Yulin wannan shekara ta 2025, yanzu in wani ya yi kwot daga wata manhajar kana ganinsa, kuma masu manhajar sun ce a 4.5 mai zuwa mu ma za mu iya ɗauko maganar mutum mu ɗora tamu a kai. To ni abin da ya koro ni daga inda nake a da kenan. Magana ɗaya na rubuta, wani mai tarin mabiya ya ɗauke ta ya kai gaban mutanensa, kwana uku ina shan zagi daga waɗanda ko sunana ba su taɓa ji ba, har iyayena sai da aka taɓa. Na tattara nawa ya nawa na dawo nan don an ce babu wannan abin, yanzu kuma ga shi za a kawo mana har gida. Wannan cin amana ne.

Injiniya: Allah ya huci zuciyarka Baban Khalifa, amma kalmar cin amana ta yi nauyi. Amanar me ka ba su? Manhaja ce ta kyauta, ko sisi ba ka biya ba, lasisinta AGPL ne, kowa na iya ɗaukar lambobinta ya gyara yadda yake so.

Maman Ilham: Haba Injiniya, sai an biya kuɗi ake amana? Eugen Rochko, wanda ya ƙirƙiro Mastodon, da kansa a 2018 ya ce da gangan ya ƙi saka kwot saboda yana sa mutane su riƙa yi da mutum a gaban jama'a maimakon su yi magana da shi. Mutane suka ji suka yarda suka taho. In ba amana ba ce wannan to mece ce

Injiniya: Ra'ayi ne ya faɗa Hajiya, ba alkawari ba. Mutum ba shi da ikon canza ra'ayi bayan shekara 7?

Malam Mai Alli: Ku dakata. Amana daban, alkawari daban, kuna ta cakuɗa su. Amana ita ce a damƙa maka abu ka riƙe, alkawari kuma ka ce zan yi ko ba zan yi ba. In ma akwai laifi a nan sunansa saɓa alkawari, kuma shi ma sai an kawo inda ya ce har abada ba zai saka ba. Ku daina wasa da manyan kalmomi.

Maman Ilham: Malam da girmanka, to mu da muka damƙa masu rubutunmu da sunayenmu fa? ba damƙawa ba ce?

Injiniya: Ba su kika damƙa wa ba, sabar da kike kai, kwamfutar da ke ɗauke da asusunki, kika damƙa wa, wato Admin ɗinmu. Abin da mutane suka kasa ganewa kenan, Mastodon ba gida ɗaya ba ne, dubban saba ne kowace da mai ita, wata ƙa'idar sadarwa mai suna ActivityPub ce ke haɗa su. In akwai mai riƙon amana a nan to ga shi nan zaune yana karanta mu.

Admin: Ni kada a sako ni don Allah.

Autan Gida: Ai dole a sako ka Yaya. Yau wata nawa muna roƙonka ka yi mana afdet? Har yanzu muna kan 4.2 ta 2023, ita 4.3 da ta fito Oktoban 2024 da take tattara sanarwa wuri ɗaya ko ƙamshinta ba mu ji ba, mutum ashirin su yi laikin abu ɗaya sai wayata ta yi ƙara sau ashirin. Ana rigimar 4.5 mu ko rabin hanya ba mu kai ba.

Admin: Ƙanena kai a ganinka afdet danna maɓalli ne kamar na waya? Sai na yi bakof na rumbun bayanai, na sauke saba, na jira ƙaurar bayanan ta gama, in abu ya karye ni kaɗai zan kwana a kai ba kai ba, kuma kuɗin hayar sabar daga aljihuna yake fita duk wata, sau nawa na ce a taimaka wa ya amsa?

Autan Gida: Ni dai na taɓa turowa.

Admin: Sau ɗaya.

Baban Khalifa: Jama'a maganata fa? Ni ban zo rigimar kuɗin saba ba. Tambayata ita ce me zai hana abin da ya same ni can ya same ni a nan.

Injiniya: To ai da ka karanta bayanin da suka fitar a Fabrairun 2025 da ka samu amsa. Kai ne za ka zaɓi wanda zai iya yi maka kwot, kowa ko mabiyanka kawai ko babu kowa, in an yi maka za a sanar da kai, kuma in ka ga an ɗauki maganarka ana cin mutuncinka kana iya janye ta daga cikin rubutun mutumin. Wancan wurin da aka zage ka akwai wannan? Kuma su Misskey, wata manhajar irin Mastodon, sun daɗe da kwot, muna hulɗa da su kullum, ba mu mutu ba.

Maman Ilham: Janyewa bayan mutum dubu sun riga sun gani? Ihu bayan hari kenan. Kuma ku masu ilimin kwamfuta kullum haka kuke, ku ce ai akwai saiti, mutum nawa ne ke shiga saiti? ƙanwata shekara biyu tana nan ba ta san ana iya kulle asusu ba sai da na nuna mata.

Injiniya: Mu masu ilimin kwamfuta kuma? Yanzu an koma ƙabilanci kenan.

Malam Mai Alli: Ni abin da ma ya fi damuna wannan kalmar kwot da kuke ta nanatawa. Ba mu da Hausarta ne? A ce tsakure.

Autan Gida: Tsakure ai ɗan yanki ne Malam, wannan kuwa gaba ɗayan rubutun ake ɗaukowa. Ambato ya fi.

Malam Mai Alli: Ambato kiran suna ne yaro, shi ne wanda ake yi da alamar @. Ka tambaya kafin ka gyara wa na gaba da kai.

Autan Gida: Allah ya ba da haƙuri Malam, amma in na ce wa abokina na yi maka tsakure wallahi ba zai gane ba, kwot kowa ya sani.

Gimbiya: Ni tun ɗazu nake karantawa. Gaskiya ina tare da Injiniya kuma ba don komai ba, lokacin da aka yi ta tururuwar shigowa a ƙarshen 2022 bayan Elon Musk ya sayi Twitter, ƙawayena da yawa sun buɗe asusu suka zauna sati biyu suka koma, kuma abin da suke cewa kenan, ba kwot, ba a iya neman rubutu, wuri shiru kamar gidan makoki. Da aka kawo neman rubutu a 4.2 haka aka yi ta kururuwa za a riƙa farautar mutane, ƙarshe sai wanda ya kunna da kansa ake iya nemo nasa. Me ya faru? Ba komai. Kuma mai niyyar zaginka ko babu kwot sikirinshot zai ɗauka, wanda ma ya fi muni don ba za ka sani ba.

Maman Ilham: Dama ke duk abin da Injiniya ya faɗa kina tare da shi, ko ranar rigimar dokokin rukuni haka kika yi.

Gimbiya: Yaya kada ki tono wannan, ke ma kin san wanda ya fara ranar.

Maman Ilham: Na sani sarai, kuma har yau ba a ba ni haƙuri ba.

Malam Mai Alli: Ni dai ina nan kan bakana, ba a ce masa cin amana. Duk wanda ya ce haka ya ɗauki alhakin bawan Allahn nan.

Baban Khalifa: Malam ni aka zaga, ni na san abin da na ji. Ko me za ku kira shi ku kira shi.

Admin: To ya isa haka, zan rufe wannan zaren. Abin da aka tattauna a taƙaice: yawancin mutane sun yarda ba cin amana ba ne, Malam ya yi bayani gamsasshe, kuma an fahimci cewa gaggawar afdet ba ta da amfani tunda ga shi sabuwar sigar ma rigima take kawowa, don haka za mu ci gaba da zama a kan wadda muke kai har ƙura ta lafa. An kuma amince cewa ɗawainiyar saba ta yi wa mutum ɗaya yawa, mai niyyar taimakawa ya same ni ta saƙon sirri.

Autan Gida: Wa ya amince a zauna kan 4.2? Ni kaɗai na yi maganar afdet kuma cewa na yi a yi.

Maman Ilham: Yawancin mutane su wa? Uku ne da biyu, kuma kai ba ka ƙirga ƙanwata ba.