Shawshank: sa rai ne ya fid da Andy ko iya lissafi?

Nura: Jiya na sake kallon The Shawshank Redemption, na 1994 ɗin nan, kuma ina nan kan bakana. Ana ta cewa fim ne na sa rai, alhali ba shi ya fid da Andy, jarumin fim ɗin da aka ɗaure bisa zargin kashe matarsa, daga kurkuku ba. Ma'aikacin banki ne fa. Shi ke cike wa gandirobobi takardun haraji, shi ke ɓoye wa shugaban gidan yarin, Norton, kuɗin cin hanci. Da ɗan dako ne, da can zai ruɓe.

Maryam: Haba Yaya Nura, biro ne ya huda masa bango? Ya shiga a 1947, ya fita a 1966. Shekara 19 yana ƙwaƙule bango da 'yar gudumar da Red, abokinsa na kurkuku, ya ce sai an shekara 600 ana fama da ita, yana zazzage ƙasar ta ƙafar wando a filin gidan. Wanda ya fid da rai ko wata guda ba zai yi ba.

Nura: To wa ya bar masa hoton 'yar fim Rita Hayworth a bango, wanda ya rufe ramin da shi? Norton da kansa ya gani ranar bincike, ya kau da kai, don yana da buƙata a wurinsa. Har Baibul ɗin da gudumar ke ciki ya riƙe ya miƙa masa.

Sadiq: Ni ina bayan Nura. Ku tuna Tommy, matashin fursunan nan. Yaron nan ya sa rai, Andy ya koyar da shi har ya ci jarrabawa, ga shi ya san wanda ya kashe matar Andy. Me ya samu? Harsashin Hadley, shugaban gandirobobi, da dare, Norton na tsaye. Nasa fatan bai kai ba ne?

Kawu Sale: Yara, duk kun tsaya kan wanda ya tsere. Ni Brooks, tsohon fursunan nan, ne ya tsaya mini a rai. Shekara 50 a ciki, aka sake shi tsofai-tsofai, yana zuba wa mutane kaya a leda a kanti hannu na ciwo, mota ma tsoro take ba shi. Ya sassaƙa sunansa a katakon ɗaki ya rataye kansa. Red ya yi 40, aka kai shi wannan ɗakin, aka ba shi wannan aikin. Me ya raba su? Alkawarin da ya yi wa Andy na zuwa gindin wata bishiya a Buxton. Ba banki Red ya iya ba.

Nura: Kawu, da girmanka, amma me ya tarar a gindin bishiyar? Wasiƙa da kuɗin mota. Da ba kuɗin, da ƙafa zai je Meziko wurin Andy?

Kawu Sale: Sai da ya je tukuna ya san da kuɗi, ɗana.

Maryam: Yaya, kai tsammanin warabbuka kake zagi, irin na malamin da ya ƙi noma don zakka. Andy kuwa ya yi noma. Shekara 6 yana aika wa hukuma wasiƙa duk mako kan ɗakin karatun gidan yarin kafin a turo masa dala 200 da tsofaffin littattafai, ya ce daga yau biyu zai riƙa aikawa.

Sadiq: Wannan naci ne, Anti.

Maryam: Wa ke naci kan abin da ya cire rai da shi?

Nura: Na ji. Amma wani ya faɗa mini yadda ya sake manna hoton Raquel Welch, 'yar fim ɗin da hotonta ke rufe ramin a ƙarshe, bayan ya shige ciki.

Kawu Sale: Ta sama kawai aka kafe shi. Je ka kwanta.