Magani kaɗai zai hana yaro jikkata kansa?

Malam Isa: Ni dai ina kan bakana. Yaron da ke buga kansa da bango ko yake cizon hannunsa, sinadaran ƙwaƙwalwarsa ne suka samu tangarɗa, kuma magani ne gyaransa. Ku duba ciwon Lesch-Nyhan da likitoci suka bayyana a 1964. Masu shi kan ciji leɓensu da yatsunsu har jini ya fita, an kuma tarar sinadarin dopamin, mai isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ya ragu ƙwarai a wani sashe na ƙwaƙwalwarsu. Ko ɓera aka ɗura wa pemoline, wani magani mai zaburar da ƙwaƙwalwa, da yawa, cizon kansa yake fara yi.

Hajiya Binta: Malam, ciwon da ka ambata na gado ne, ba a cika samunsa ba. Kuma ko a can magani bai kawo ƙarshen cizon ba, har ta kan kai a cire wa yaro haƙora don a ceci leɓensa. Abin da ke damuna shi ne yaron da ba ya iya magana. Kunne na masa ciwo, ko haƙori, ko cikinsa ya ɗaure, ta ina zai faɗa? Tun 1982 masanin halayyar ɗan Adam Brian Iwata da abokan aikinsa suka nuna cewa wasu suna jikkata kansu ne don a kula su, wasu don su kuɓuta daga aikin da ya fi ƙarfinsu.

Malam Isa: To ai Hajiya, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maganin risperidone a 2006 ga yara masu otizim (lalurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane) da ke fama da fushi da jikkata kai. Ba su yi haka a banza ba.

Hauwa: Haka ne Baba Malam, yana taimakon wasu sosai. Amma yana sa ƙiba da yawan barci, kuma yaron da barci ya kwantar ba lallai ne ciwon kunnensa ya warke ba. Maganin naltrexone ma an gwada shi, bisa tunanin cewa raunin na sa jiki ya saki endorfin mai rage zafi, sai a toshe wannan hanyar. Wasu sun samu sauƙi, da yawa shiru.

Aliyu: Yaya Hauwa, akwai ma ɗaya ɓangaren, wato haɗarin da magani kansa kan jawo. A 2004 a Amurka an sa gargaɗi mai tsauri a kan magungunan ciwon damuwa ga yara da matasa, don tunanin kashe kai ya kai kusan kashi 4 cikin ɗari a masu shan maganin, kashi 2 a waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta.

Hauwa: Gaskiya ne, amma ba wanda ya rasu a gwaje-gwajen nan. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya yanke wa ɗansa magani lokaci guda, hakan ma haɗari ne. A sa masa ido a makonnin farko, a koma wurin likita in an ga canji.

Malam Isa: Na ji, a fara duba kunne da haƙori. Amma yaron da ke neman tsiyaye idonsa yau, ba zan ce a jira watanni ana nazarin halinsa ba.