Na kai karena horo ya dawo da tabo a wuya, in cika kuɗin?

Mai gonar kaji: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da gonar kaji a bayan garin Kaduna, hanyar Kachia. Bara sau biyu ɓarayi suna haura mini katanga, a na biyun suka kwashe buhunan abincin kaji da injin ruwa, maigadi yana ta barci, da gari ya waye ya ce wai asiri aka yi masa. Shi ya sa na sayi kwikwiyon Boerboel, irin na Afirka ta Kudu, don an ce da gadin gona aka san su. Da ya kai wata 7 surukina ya haɗa ni da wani mai horar da karnuka. Muka yi ciniki a kan sati 6, na ba da rabi. Ya ce kada in zo dubiya, wai zan ɓata masa aiki. Jiya aka dawo da shi a rame, wuya duk tabon ƙarfe, da ka ɗaga hannu sai ya laɓe jikin bango. Yau da safe ya ciji yaron da ke ba shi abinci. Mai horon ya ce haka ake so, in cika masa kuɗinsa. Ga nauyin surukina. Yaya zan yi?

Baban Walid: Malam, kare ka saya ko ɗan rago? Shekarata 15 ina kiwon karnukan Alsatian. Karen gadi sai da sarƙa da 'yar yunwa, in ya saba da kowa ɓarawo ma kaɗa masa wutsiya zai yi. Ka biya mutum haƙƙinsa.

Likitar dabbobi: Yallaɓai, a bar batun kuɗi tukuna. Cizon ya fasa fata? In ya fasa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a kai yaron asibiti yau. An yi wa karen allurar rigakafin haukar kare? Tun yana wata 3 ake yi, a Vom kusa da Jos ma ana haɗa ta. Sannan karen da ke laɓewa in an ɗaga hannu tsoro ne ya cika shi, kuma matsoracin kare na kusa da shi yake fara ciza. A 2021 ƙungiyar likitocin halayyar dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya cewa a riƙa horo da lada, a bar azabtarwa. Yankin Wales da ke Birtaniya ya haramta abin wuya mai jan lantarki tun 2010. Mu likitoci akwai majalisar da ke mana rajista, in mun yi ba daidai ba a kai ƙararmu. Mai horar da kare kuwa, kowa na iya buga kati ya ce shi gwani ne. Na kirki zai bari ka ga yadda yake aiki, ya koya maka kai ma.

Baban Walid: Hajiya, karnukan Turawa a kan kujera suke kwana. Nan ɓarawo da adda yake zuwa.

Maman Ihsan: Ni tawa macen na kai, ta dawo da ciki, ashe barbara ya sa aka yi mata ba da sanina ba, har yana cewa a raba 'ya'yan. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Malamin Islamiyya: Ajiye kare don gadin gona ya halatta, amma amana ce. Ku tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba abinci. Kada ka ƙara masa ko sisi, ɗan uwa.

Mai gonar kaji: Na gode. Amma fa ba sakaci na yi ba, mutumin ya nuna mini bidiyon karnukan da ya horar, suna zama suna tashi da umarni. Kuma ni na amince da sharaɗin rashin zuwa. Yaron ya ce ƙwarzane ne kawai, ya shafa man zafi.

Likitar dabbobi: Ƙwarzane ma a wanke, a je asibiti. Ba ka ba ni amsar allurar ba.

Baban Walid: Ka ɗaure shi da rana, ka sake shi da dare, sati biyu ka zo ka ba mu labari.

Mai gonar kaji: Wanda ya sayar mini ya ce an yi masa komai, zan duba ko akwai kati. Yanzu mai horon ya sake kira, wai akwai mataki na biyu, sati 4, zai yi mini ragi. Surukina ma ya kira, ban ɗaga ba.