Wai sayen baklink yana ɗaga shafi a Google ko asarar kuɗi ce?

Maman Humra: Slm 'yan zaure. Don Allah masu ilimin abin ku taimaka min. Shafina na turaren wuta da humra ya kusa shekara, amma in ka rubuta turaren wuta Maiduguri a Google sai ka wahala kafin ka ganni, can shafi na huɗu ko na biyar. Jiya wani ya biyo ni ta akwatin saƙo wai zai min baklink dubu biyar, wato wasu shafuka su saka link ɗin shafina, cikin sati ɗaya, wai duk masu DA sama da 50 ne, kuɗin ma ba yawa. In biya ko in bari?

Bakano: Kar ki biya Hajiya.

Bafulatani: Babarbariya da shafin intanet, lallai duniya ta zo ƙarshe 😂

Maman Humra: Kai dai je ka nemo saniyarka da ta ɓata, manya na magana

Injiniya: Hajiya ki riƙe kuɗinki, bari in ba ki labarin abin da na gani da idona. Akwai wani Alhaji mai sayar da kayan sola da ya kira ni wai shafinsa ya ɓace daga Google, da can in aka nemi batir ko inbata yana fitowa a shafin farko, kwatsam ko sunan shagonsa ka rubuta sai ka ga wasu a samansa. Na ce ya ba ni Search Console ɗinsa, wato wajen da Google ke nuna wa mai shafi halin da shafinsa ke ciki, ashe bai ma san akwai shi ba, yaron da ke kula masa da shafin a da shi ya buɗe ya tafi da komai. Da ƙyar muka karɓo. Ina shiga wajen da ake nuna shafukan da suka saka link ɗinka wlh sai da na riƙe baki, shafukan caca ne, da na maganin ƙarfin maza, da wasu da Rashanci da wasu harsunan da ban ma gane ba, kuma dukkansu kalma ɗaya suka ɗora link ɗin a kai, sunan kayan da farashinsa, iri ɗaya sak babu ko bambancin harafi. To wane ɗan Adam ne a Rasha zai zauna yana tallata wa Alhaji batirin sola? Ga kuma saƙo a wajen hukuncin da ma'aikatan Google ke yi da hannu, an rubuta ƙarara cewa an ga link na bogi suna shigowa shafin. Yaron ya saya ne wajen irin waɗannan masu dubu-dubun, ya nuna wa Alhaji takardar rahoto mai launi-launi ya karɓi kuɗinsa, shi kuma mai sayarwar da muka neme shi ya toshe mu. Sai da na zauna na tsince su ɗaya bayan ɗaya, wanda za a iya roƙo ya cire muka tura saƙo, yawancinsu ko amsa babu, wani ma cewa ya yi sai an biya shi kafin ya cire, ki ji fa. Sauran na haɗa su a fayil na kai wajen disavow, wato ka ce wa Google kar ka lissafa min waɗannan, sannan muka rubuta takardar neman a sake duba mu. Watanni aka ɗauka, kuma ko da aka cire hukuncin shafin bai koma inda yake ba nan take, lokacin zafi ya wuce Alhaji bai ci kasuwar fanka da batir ba.

Maman Humra: Innalillahi. Allah ya saka da alheri Injiniya, saura kaɗan in tura masa

Ɗan Zazzau: Injiniya kana tsorata mutane ne kawai. Ni ina saye kuma yana min aiki. Matsalar yaron Alhajinka arha ya bi. Duk manyan shafukan nan da kuke gani a sama kuna zaton addu'a ce ta kai su?

Bakano: Bazazzage ai dama ba ya faɗin gaskiya sai ya ga uwar bari

Ɗan Zazzau: Bakano da ko domen ɗinsa sai da aka yi masa karo-karo ya sabunta

Injiniya: Ban ce ba wanda ke saye ba Malam. Manyan ma ana kama su. A 2011 jaridar New York Times ta tona yadda kantin JC Penney na Amurka ke fitowa na ɗaya a kusan duk kayan da aka nema saboda link da aka dasa masa a shafuka barkatai, Google ya jefa su ƙasa. A 2013 aka yi wa Interflora masu sayar da furanni a Ingila, har sunansu ya daina fitowa na ɗan lokaci. Su suna da ma'aikata da kuɗin gyara, cikin ɗan lokaci suka dawo. Hajiya wa take da shi?

Ɗan Zazzau: Labarin shekara goma sha ne wannan. Yanzu Google ba ya hukunci, share su kawai yake

Injiniya: A nan kam kana da rabin gaskiya. Penguin, tsarin Google na kama link ɗin bogi, da suka fito da shi a watan Afrilun 2012 shi ne mai dukan shafi gaba ɗaya, a 2016 suka canza shi ya koma yawanci yana watsar da link ɗin banza ne kamar babu shi, sannan a Disambar 2022 suka ce SpamBrain, tsarinsu na tace tarkace, na gano wanda aka saya ya kashe amfaninsa. To ka ga ko ba a hukunta ta ba ta sayi iska kenan. Kuma hukuncin hannu yana nan bai tafi ko'ina ba, shi ya samu Alhaji.

Ummu Kwalliya: Ni tambayata menene ma DA ɗin nan? kullum sai an turo min wai DA ɗina 7 ne in zo a ɗaga min

Ɗan Kwamfuta: Anti lamba ce da kamfanin Moz ya ƙirƙira don kintace ƙarfin shafi, Ahrefs su ma suna da tasu DR. Google ba ya amfani da ko ɗaya. Kuma ana iya kumbura ta da link ɗin banza, shi ya sa za ki ga shafi mai DA 60 amma ko kare ba ya shiga. In za ki duba shafi ki duba ko mutane na karanta shi da gaske, ana sabunta shi, kuma abin da yake magana a kai ya shafi sana'arki

Ummu Kwalliya: Toh fa, ni da har na fara jin kunyar 7 ɗina

Sabon Shiga: Ku gafarce ni, ni har yanzu ban gane me ya sa link ke da muhimmanci haka ba

Ɗan Kwamfuta: Tun asali a kansa aka gina Google. Larry Page da Sergey Brin suna ɗalibai a jami'ar Stanford suka fito da PageRank, kafin su kafa kamfanin a 1998. Duk shafin da ya saka link ɗinka kamar ya tsaya maka shaida ne, kuma shaidar mai unguwa ba ɗaya take da ta ɗan tasha ba. Guda ɗaya daga jarida ko shafin da ake girmamawa ya fi dubun da inji ya watsa

Bafulatani: Hajiya ki je Wikipedia ta Hausa ki saka link ɗinki a maƙalar Maiduguri, kyauta ne

Ɗan Kwamfuta: A'a don Allah kar a ɓata musu aiki. Editoci za su goge su kuma iya toshe ta, sannan tun 2007 link ɗin da ke fita daga Wikipedia nofollow ne, wato an saka masa alamar da ke ce wa Google kar ya lissafa shi. Haka yawancin na kwament ɗin blog, tun 2005 aka kawo nofollow saboda masu cika wa mutane kwament da talla. Wanda kike sakawa a Facebook ma zai kawo miki kwastoma amma kar ki sa rai shi zai ɗaga ki

Maman Humra: Dama Bafulatani zai ba da shawarar kirki ne

Admin: Jama'a wanda ya turo link ɗin wai a samu data kyauta na goge. Na gaba cirewa ne, mun sha faɗa.

Bakano: Ni shawarata mu nan zauren mu yi adashe, kowa ya saka link ɗin kowa a shafinsa, mun kai mutum nawa

Injiniya: Mai turare ta saka na mai gyaran waya, mai gyaran waya ya saka na mai labaran ƙwallo? Musanya in ta yi yawa ita ma tana cikin abin da dokar Google ta kira dabarar link. Amma Ummu Kwalliya da Maman Humra su kam sun dace, amarya ɗaya suke nema

Ummu Kwalliya: Gsky kam. Hajiya in za ki rubuta min yadda ake gane turare mai kyau zan saka a shafina da sunanki da link, amarena kullum suna tambaya

Ɗan Kwamfuta: Yauwa irin wannan ake so. Hajiya abin da kike da shi wanda mai baklink dubu biyar ba shi da shi ilimin kayan ne. Ki rubuta da Hausa bambancin hawi da gabgab da sandal, yadda ake gyara farce kafin a saka a humra, amfanin kajiji, yadda ake ajiye turare kar ya huce, da hotunanki na gaske ba na kwafe ba. Rubutun Hausa a kan waɗannan bai da yawa a intanet, gasar ba ta kai ta Turanci ba. Sai ki nemi masu shafin gyaran jiki, masu haɗa lefe, teloli masu shafi, har 'yan jarida masu rubutu kan sana'o'in mata, ki ce ga abin da kika rubuta. Wasu za su share ki wasu za su ɗauka. Kuma kin buɗe Google Business Profile kuwa? Tunda da sunan gari ake nemanki shi ne zai sa ki fito a taswira, kyauta ne, ki sa kwastomominki na gaske su riƙa rubuta ra'ayinsu

Maman Humra: Ban buɗe ba wlh, a gida nake sayarwa bana son a ga adireshina

Ɗan Kwamfuta: In kina kai wa mutane kaya da kanki akwai zaɓin ɓoye adireshi ki nuna yankin da kike kaiwa kawai

Ɗan Zazzau: Duk wannan sai ta shekara tana rubutu. Ni dai na ce ta nemi shafin labarai ɗaya mai jama'a ta biya a rubuta mata, a gama

Injiniya: Talla ba laifi ba ne, ta biya in tana da hali, zai kawo mata masu saye. Amma ƙa'ida link ɗin da aka biya a saka masa alamar sponsored, wato na talla ne, wadda Google suka kawo a 2019, ko nofollow

Ɗan Zazzau: In an saka wannan ai ba amfanin biyan kenan

Injiniya: To ka ga ka faɗa da bakinka abin da kake saya

Sabon Shiga: Ni ma na leƙa Search Console na ga wasu shafuka da ban sani ba sun saka link ɗina, in yi disavow ɗin?

Injiniya: In ba ka saya ba kuma ba saƙon hukunci ka ƙyale su, kowane shafi na samun irin tarkacen nan. Google da kansu sun ce yawancin shafuka ba sa buƙatarsa, garin gyara sai ka cire mai amfani

Bafulatani: Maman Humra nawa ne kwalbar humra fara? uwargida ta gani a wayata ta tasa ni gaba

Maman Humra: Kai kuɗinka daban ne, ninki biyu

Bakano: Wai don Allah wa ya sabunta hostin kwanan nan? Nawa ya kusa ƙarewa kuma katina na naira ya ƙi wucewa

Ɗan Zazzau: Za a sake karo-karo kenan

Admin: Maganar hostin a bari sai bayan isha'i, Ɗan Kwamfuta ya ce zai turo jerin masu karɓar naira.